'Yata ta warware tambayata kafin shayina ya huce

Malama, ki taimaka mini da shawara, farin ciki ne ya cika ni har ya fara ba ni tsoro.

Shekara goma sha ɗaya na koyar da lissafi, bai riƙe mini gida ba. Yau shekarata shida a wata ƙasa ina ɗaukar kwalaye a sito. Baya ya gaji, tsofaffin ɗalibaina kuwa ko gaisuwa. Ban ga laifin lissafi ba, mutane ne ba su san darajarsa ba. Babbar 'yata ta gaje ni, shi take karantawa a jami'a. Duk Asabar da hutun rana nakan rubuta mata tambaya a bayan kwali, in ɗauki hoto in tura. Ta amsa da biro, in yi mata maki, wani sa'in in rage ɗaya don kada kai ya kumbura.

Makon jiya na tura wadda ta ci mini sati uku. Ina kurɓar shayi sai ga amsa, daidai! Ashe ta soma leƙa ajin kimiyyar kwamfuta, da kanta ta rubuta wa na'urar umarni, ta fitar mata da amsar. Na yi ta dariya har abokan aikina suka zaci haihuwa aka yi mini. Yanzu tana neman izinina ta haɗa karatun biyu, Litinin za a rufe rajista. Mahaifiyarta ta ce kishi nake da na'ura, ƙila ta yi gaskiya. In na amince, me ya rage da zan koya mata daga nan?

Tsohon malami a nesa

Malam, barka da arziki! 'Yar da ta fi ubanta, addu'arsa ce ta karɓu.

Tsoronka ba na banza ba ne. Karatu biyu kaya ne mai nauyi, kuma wanda ya saba samun amsa nan take yakan yi ƙiwar tunani. Sai dai na'ura ba ta san komai ba sai abin da aka tsara mata, tsarin kuwa a wurinka yarinyar ta koya.

Kira ta yau ka ce ka amince, kar ka jira Litinin. Ta nuna maka jadawalinta, in ya cika ta rage. Tambayoyinka kuma su sauya: bar tambayar nawa ne, koma kan me ya sa, ta kawo hujja da hannunta. Sannan ka roƙe ta ta ba ka darasin farko na kwamfuta, malami ba ya tsufa da zama ɗalibi.

Allah ya yi mata albarka, ya mai da kai gida lafiya.