Janar Mai Baƙin Tabarau

Daren Alhamis, Al Rigga

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu a garejinmu na Ras Al Khor, a nan ƙasar Larabawa, muna shan shayi, na saki baki na ce wallahi ƙasarmu sai soja, su ne suka koya mana bin layi da bulala. Tomas, wani dattijon bakanike ɗan Poland da muke aiki tare, ya ajiye kofinsa.

Ya ce yana yaro, wata safiyar Lahadi ya kunna talabijin zai kalli shirin yara, sai ga janar ɗinsu mai baƙin tabarau yana shelar dokar soja. Aka katse wayoyi, tankokin yaƙi suka cika titi. Washegari da dare aka buga musu ƙofa, aka tafi da mahaifinsa saboda yana ƙungiyar ma'aikata. Janar ɗin kuwa har ya mutu yana cewa ƙasar ya ceta daga mamayar Rasha.

Sai ya dube ni ya ce, "Habibi, uwata ma ta koyi bin layi. A ƙofar kurkuku."



Babana ma soja ne a zamanin mulkin soja. Hotonsa da kaki yana wayata, kullum nuna wa mutane nake. Gobe Juma'a zan kira shi kamar kullum. Ban taɓa tambayarsa ƙofar wa ya buga ba.