Wanda Ya Ƙona Ƙwaƙwalwar A-kori-kura

Ranar Talata

Zuwa ga abokiyar zamana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya jikin ƙanwar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Ya gwiwarki da hawa benen asibiti? Mu nan lafiya, amma lafiyar da saura, shi ya sa na ɗauki biro na bar waya. A gidan nan ko tari na yi a waya sai surukarki ta ji.

Shekarun baya, ina tuƙin babbar mota, na taɓa jin wai an fara ƙera motoci masu ƙwaƙwalwa, wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi littafi ba, shi ke ba inji umarni. Wai kuma in aka cire batir inji na aiki, sai ta ƙone. Na yi dariya har na ƙware. Shekara arba'in ina cire batir mota na kunne, ban taɓa ganin wadda ta haukace ba.

To, a-kori-kurar babban ɗanki ta haukace. Sati biyu ke nan, tana cikin tafiya sai ta yi shessheka, fitilun gaban direba su kama gaba ɗaya, ta mutu. Ranar Asabar ta mace masa a tsakiyar shataletale, ga ƙwai maƙil a baya, rana na dukansu. An jona mata kwamfuta, aka ce ƙwaƙwalwar ce ke mutuwa, sai an sa wata.

Kin san Dogo mai wayarin, na garejin bayan gidan mai, wanda ke goge hannu a wando kafin ya gaishe ki. Motar ta kwana biyu a wurinsa watan jiya saboda fitila. Ɗanki ya rantse Dogo ne ya cire lafiyayyar ya sa masa ruɓaɓɓiya. Jiya ya kai ƙara wurin 'yan sanda.

Yanzu ki gyara zama. Ran da ɗanki ya yi tafiya ya bar mini makulli in riƙa ɗumama ta da safe, maƙwabcinmu mai gidan burodi ya zo yana roƙon aron batir, motarsa ta ƙi tashi. A-kori-kura na kunne. Na ce kada motar burodi ta shanye batir, tamu ta ƙi tashi, sai na kwance shi tana aiki na kai masa. Da na dawo na tarar fitilu na ƙyaftawa, ga ɗan ƙaurin waya. Na mayar da batir na ce ba komai. Washegari ta fara shessheka.

Ban gaya wa kowa ba sai ke. Ki gaishe da mai jiki.

Mijinki.

Ranar Alhamis

Abokiyar zamana,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar mai jiki. Direban da ya kai miki takarda ya kawo mini amsarki, layi ɗaya tal: in gaya wa ɗanki gaskiya yau. Na karanta, na fahimta. Ba sai kin ja layi a ƙarƙashin "yau" ba.

Shekaranjiya da yamma 'yan sanda suka zo suka ɗauki Dogo a gaban jama'a, ko hannu ba su bari ya wanke ba. Jiya yayansa ya tsaya masa aka sake shi, amma an ce ya dawo Litinin, daga nan sai kotu. Na bi ta garejin da sandata kamar mai wucewa. Motoci biyar ne a wurinsa makon jiya, yanzu saura ɗaya, ita ma mai ita na tsaye a kansa yana lura da yatsunsa. Da ya hango ni ya taso ya gaishe ni, ya ce, "Baba, kai ka san ni tun ina koyon aiki. Ka yi masa magana." Na ce to. Ki ji fa, to na ce.

Na gwada. Jiya ɗanki na cin abinci na zauna kusa da shi, na fara da cewa mota ƙarfe ce, tana iya lalacewa da kanta. Ya ajiye cokali ya ce, "Baba, kai mutumin kirki ne, shi ya sa kowa ke cutarka. Bar ni da ɓarawon nan." Ya ƙara da cewa duk abin da ya sani na mota a wurina ya koya, ba wanda zai yi masa wayo. Sai na fasa. Na tambaye shi ko akwai sauran ruwan sanyi.

Mai gidan burodi kuwa tun da ya ji labari, in ya hango ni sai ya tuna yana da aiki a bayan tanda.

An samo wata ƙwaƙwalwar, ta hannu, daga mota irin wannan da ta yi haɗari. Mai kwamfuta zai zo Asabar ya sa. Ɗanki ya ce a gaban garejin Dogo za a yi aikin, don unguwa ta ga tsohuwar da idonta. Ni ma an ce in je, wai a matsayin dattijon shaida.

Ki sa ni a addu'a, kada ki sa ni a bakin ƙanwarki.

Mijinki.

Ranar Lahadi

Abokiyar zamana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an ce mai jiki ta fara zama da kanta, alhamdu lillahi.

Jiya da hantsi aka jawo motar da igiya. Batirinta ya yi sanyi saboda zaman mako guda, sai aka aro na wani mai tasi da ke jira. Mai kwamfuta mutum ne marar yawan magana. Ya durƙusa ta gefen mai zaman banza, ya kwance wani ɗan murfi a ƙarƙashin akwatin ajiyar takardu, ya zaro tsohuwar, ya soka sabuwar. Ɗanki ya ɗora tsohuwar a kan bonet kowa na leƙe. Dogo na tsaye can gefe, hannu a baya.

An murɗa makulli, ta yi ta juyawa ba ta kama ba. Mai kwamfuta ya ce sabuwar ba ta san makullin ba tukuna, sai an gabatar da su. Na ce a raina, har mota ta fara neman a yi mata sallama. Ya yi ta danne-danne kusan rabin awa. A murɗawa ta uku ta tashi, sumul, kamar ba ta taɓa ciwo ba.

Mai kwamfuta ya koma gefe amsa waya. Mai tasi ya ce a ba shi batirinsa, fasinja na jira. Sai na ga ɗanki ya ɗauki sifana, ya sunkuya cikin bonet, inji na aiki. Yadda na koya masa, har da yadda nake karkata kai.

Ban san lokacin da na yar da sanda ba. Na damƙe masa wuyan hannu, na ce da ƙarfi, "Kada ka taɓa! Haka na kashe ta farkon." Sifanar na kan noti, ya riga ya murɗa sau ɗaya.

Inji na ta aikinsa. Na faɗi sauran, da ranar, da motar burodi, da ƙaurin, da mako biyun da na yi shiru. Mai kwamfuta ya buɗe tsohuwar, ya nuna inda ta yi baƙi, ya ce ai kuwa haka take yi. Ɗanki bai kalle ni ba. Ya kashe motar da kansa, ya cire batir ya miƙa wa mai tasi, ya tafi a ƙafa. Ni na juya wurin Dogo. Shi ya ɗauko mini sandata.

Har yanzu ɗanki bai ce mini uffan ba, abinci ma a ɗaki yake ci. Amma ya je ya janye ƙarar, kuma ya tsaya a bakin garejin ya ba da haƙuri da murya sama. Surukarki ce ta fara raɗa mini, sai mai gidan burodi, wanda ya tuna hanyar gidanmu yau. Ban saki jiki ba sai da na ji daga bakin mutum na uku. Ɗazu bayan la'asar aka yi sallama a ƙofa. Mai sallamar ya ce ba zai shigo ba, kayansa duk baƙin mai ne. Ya ce an janye, kuma cikin motoci huɗun da aka kwashe, ɗaya ta dawo. Dogo ne da kansa.

Ki dawo da wuri in hali ya yi.

Mijinki, tsohon direba.