Kada Ku Raba Injin Nan

Talata. Bayan asuba na wanke fulogi takwas, na jera su a kan tsumma.

Da sunan Allah. Ni Haladu Abdulmannan, bakanike a Haɗejiya, na rubuta wannan da cikakken hankalina, ba wanda ya sa ni. Jibi za a kai ni asibiti Kano saboda ciwon ƙodar nan. Likita bai faɗi abin tsoro ba, sai dai bai kalle ni ba da yake magana. Wataƙila ni ne na cika zato. Duk da haka, Rilwanu, Fatihu da Zulfa, ga saƙona.

1. Gida, gonar shinkafa ta Guri da kayan gareji, Allah Ya riga Ya raba. In lokaci ya yi, Baffanku Shu'ibu ya kira malamai su yi rabon gado. Abin da ke ƙasa roƙo ne, ba umarni ba.

2. A bar Zulfa ta gama makarantarta. Ku riƙa shawara da mahaifiyarku kafin ku yanke komai, ba bayan kun yanke ba.

3. Injin tsohuwar Chevrolet. Na sayo motar a Malam Madori, kaji suna ƙwai a kujerarta. Silinda takwas, amma ƙarami ne, kuma da ƙarfi. Shekaru ina haɗa shi, ambaliya ta taɓa shiga cikinsa na sake daga farko. Yanzu saura tayarwa. Sau da yawa nakan tambayi kaina ko mai iyali ya dace ya kashe rayuwarsa a kan motar da ba ta ɗaukar buhu ko ɗaya. Roƙona dai kada a kwance shi a sayar wa 'yan gwangwan gunduwa-gunduwa. Ku tayar da shi, ku ji muryarsa, sannan ku yi yadda kuka ga dama.

4. Tashin farko. Duk bakaniken garin nan zai ce ku bar sabon inji ya yi ta bugawa a hankali. Ga wannan, kuskure ne. Sandar da ke ɗaga bawul sabuwa ce, kuma baƙin mai ba ya isa gare ta sai inji na gudu. Da ya kama, a danna totur a riƙe shi sama wajen sulusin awa. In aka bar shi a hankali, sandar za ta cinye kanta, aikina ya tashi a banza. Mutum ɗaya ba ya iya wannan. Ɗaya yana zaune ƙafarsa a totur, ɗaya yana tsaye a kan inji yana duba mai da zafi, yana gyara taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, kuma dole su riƙa yi wa juna magana.

5. Rilwanu, kai ke da hannu, ba ka taɓa karya noti ba. Fatihu, kai ke da kunne. Tun ranar da Rilwanu ya ce a kai injin nan fadama ya ja ruwa, kai kuma ka mayar masa da baƙar magana gaban mutane, ba ku gaisa ba. Rilwanu ba rashin gaskiya ya faɗa ba. Fatihu, yayanka ne, kai za ka fara zuwa. Kada ku nemo baƙo ya tsaya a wurin ɗayanku.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya sa ku ci gaba da cin abinci a kwano ɗaya. Wanda na ɓata wa, ya yafe mini.

Gobe, in Allah Ya kai mu:
- Ɗora motar da injinta a kan katako, ruwan ambaliya ya fara tasowa.
- Cajin batir.
- Sayo baƙin mai da tamfol.
- Aika wa Rilwanu ya zo gareji da hantsi. Fatihu ma. Ban yanke ba ko in gaya wa kowanne cewa ɗan'uwansa zai zo.