Waken da Na Kai Ajin Lahadi

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya ciwon bayan nan naki? Mama da Baba suna lafiya, sai dai gidan ba daɗi, kuma ni ce sanadi.

Malamar ajin yara na cocinmu ta haihu, aka ce in riƙe mata ajin ranar Lahadi. Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai! Malaminmu na kimiyya ba ya fara darasi sai da tambaya, shi na kwaikwaya. Na kai waken da muka shuka a kofin gilashi, na tambayi yaran wa ya gaya wa saiwa ta yi ƙasa, ganye ya yi sama, alhali suna cikin duhu. Yaya, yaran da kullum gyangyaɗi suke yi har rige-rigen ɗaga hannu suka yi. Daga nan muka shiga zancen tashin matattu.

Sai jikar Dattijon ikkilisiya, wadda babanta ya rasu bara, ta tambaya ko shi ma zai tsiro. Na ce ba kamar wake ba, amma zai tashi, yadda zai tashi kuwa ban sani ba. Da ta koma gida ta ɗauki buta, wai a kai ta kabari ta yi ban-ruwa.

Dattijo ya ce na ruɗa yara, aikina in ba su aya su haddace. Ko in nemi gafara a gaban kwamiti in daina tambayoyi, ko a karɓe ajin. Baba ya ce tun ban yi tsawon tabarya ba na fara wa'azi. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina fata kina lafiya. Na ga saƙonki, amma ban bi shawararki ba, ki yi haƙuri.

Na tsaya gaban kwamiti, muryata kamar ta sauro. Na nemi gafara saboda hawayen da na sa gidan Dattijo. Alkawarin daina tambayoyi kuwa na ƙi. Na ce Yesu da kansa ya riƙa tambayar almajiransa, kuma yarinyar nan tun rasuwar babanta ba ta buɗe baki a aji ba sai ran nan. Ba zan ce mata ta sake yin shiru ba.

Sun karɓe ajin.

Jiya uwar yarinyar ta same ni ina wanke-wanke. Na zaci faɗa ta kawo. Ta tsuguna ta ɗauki soso, ta ce ita ma tana da tambaya a kan mijinta, shekara guda ba ta sami wanda za ta yi wa ba.

Don Allah kada ki roƙi Dattijo a madadina.

Taki har kullum,
Auta