Doyar Yangoji da Tallafin Birni

Anti Zaituna, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗauki zafi. Na san ke Musulma ce ni kuma Kirista, amma matata ba ta bari filin nan naki ya wuce ta, kuma ita ta ce in rubuto miki tunda na ƙi jin tata. Ki yi haƙuri idan na yi ta zagaye. Mai wa'azi ne ni, ba mu iya gajarta magana ba.

Ni mutumin kudancin Kaduna ne, ina zaune a Durumi da matata Christina da 'ya'yanmu uku. A ranakun aiki ina kula da sito a wani kamfani a Idu. Ranar Asabar kuma sai in hau mota zuwa Yangoji, can wajen Kwali, inda na daɗe ina riƙe da wata 'yar ƙaramar ikkilisiya ta manoma. Ni ne wa'azi, ni ne gaida marasa lafiya, ni ne raba faɗan iyakar gona. Sai dai ba a naɗa ni fasto ba. Digirina na farko a fannin koyarwa na yi shi, kuma a ɗarikarmu irina sai ya yi digiri na biyu a makarantar tauhidi kafin a naɗa shi. Saboda haka ba ni da izinin yin baftisma, ko ɗaura aure, ko ba da Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da muke ci a coci. Sai dai mu jira Rabaran, babban fastonmu, daga gunduma, shi kuma bawan Allah ƙauyuka sun yi masa yawa.

Akwai wani dattijonmu da ya kwanta ciwo yana ta roƙon a ba shi Jibin Ubangiji. Ina zaune a gefensa, hannuwana lafiya lau, amma ba ni da izini. Kafin Rabaran ya iso, dattijon ya cika. A bakin kabarinsa na ce wa kaina karatun nan sai na yi shi, ko da zan sayar da takalmin ƙafata.

Na nema, na ci jarrabawa, an ba ni gurbi. Karatun shekara uku ne. Ranar da na ga kuɗin makaranta da na ɗakin kwana da na littattafai, sai da na cire gilashina na goge na sake dubawa. Albashin sito ko kusa ba zai kai ba, ga shi dole ma in ajiye aikin. Na je ofishin gundumarmu neman tallafi, aka nuna mini masu jira tun kafin ni, aka yi mini addu'a mai tsawo, aka raka ni bakin ƙofa. Makarantar tana da ɗan tallafinta, amma sai ɗalibi ya gama shekarar farko. Na roƙa aka ɗaga mini gurbin zuwa bana.

Ban roƙi mutanen Yangoji komai ba, na san aljihunsu. Addu'a kawai na nema. Ashe bayan na tafi sun zauna sun yi shawara. Baba Thaddeus, babban dattijon ikkilisiyar, ya ba da wata gonarsa, aka kira gayya, maza da mata suka fito aka yi huɗa. Kowane gida ya kawo irin doya daga cikin wanda ya ware wa tasa gonar. Anti, manomin doya zai ba ki abinci, ya ba ki wurin kwana, amma iri ba ya wasa da shi. Mama Felicity, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, da sanda take tafiya, amma ta ɗauko nata a kwando a ka. Har Kawu Usaini, Bafulatanin da rugarsu ke bayan gari, wanda ba abin da ya haɗa shi da cocinmu, ya riƙa kwana da shanunsa a gonar da rani don ta samu taki, ko sisi bai karɓa ba. Gonar Malam suke kiranta, wato ni ke nan. Allah ya sa albarka, doya ta yi, tana nan a rumbu ana jiran farashi ya tashi. Sun ce haka za su riƙa yi duk shekara har in gama. Ba wanda ya ce in sa hannu a wani abu, ba wanda ma ya tambaye ni ko zan dawo. A wurinsu wannan ba abin tambaya ba ne.

Amma gaskiya ko an sayar da doyar nan da tsada, kuɗin makaranta kawai za ta rufe, shi ma da ƙyar. Haya da cefane da makarantar yara duk za su koma kan keken ɗinkin Christina.

Ana cikin haka wata babbar ikkilisiyar ɗarikarmu a cikin birni ta gayyace ni wa'azi a sujadar Hausa, wato taron ibadar da ake yi da Hausa. Bayan an tashi, shugaban kwamitinsu na ilimi, Oga Ebenezer, ya ja ni gefe. Ya ce za su biya mini komai, har su riƙa ba iyalina wani abu duk wata. Sharaɗin shi ne duk hutu ina wurinsu, in na gama kuma in yi musu hidima shekara biyar. Sun ba ni zuwa ƙarshen wata in sa hannu.

Christina ta ce in karɓa. Ta ce ita ce za ta riƙa haɗa ido da mai gidan haya, kuma damina ba ta yi wa kowa alkawari ba, in bana doya ta yi, baɗi fa? Na fusata na ce mata ba ta da bangaskiya. Ta kalle ni kawai ta ci gaba da ɗinkinta, har yau gaisuwa ce kaɗai tsakaninmu. Mutanen Yangoji kuwa ban gaya musu ba. Lahadin da ta wuce Mama Felicity ta tare ni tana cewa ita za ta saya mini kwalar fasto, farin abin wuyan nan, ranar naɗi, kada in bari wani ya riga ta. Na yi dariyar yaƙe.

Karatu dai zan yi, wannan babu ja da baya. Amma in karɓi na birni in mayar wa mutanen Yangoji da doyarsu? Yaya ake mayar wa mutum da guminsa? Ko in ƙi, in jefa matata da yarana cikin wahala don ina jin kunyar mutane? Ki gaya mini gaskiya, zan iya ɗauka.

Mai Wa'azi Ba Kwala, Durumi

Malam, sannu da wannan nauyi. Tunda ka ce za ka iya ɗauka, bari in fara da gida: ka je ka ba Christina haƙuri yau ɗin nan. Matar da ta san farashin mudun shinkafa ta yi maka lissafi, kai kuma ka mayar mata da wa'azi. Duk hanyar da ka bi ita za ta ɗauki rabin kayan, don haka bakinta yana cikin wannan magana.

Mutanen birni ma ba su yi laifi ba. Kuɗin da za su biya baiko ne, wato sadakar da ma'aikata da 'yan kasuwa ke bayarwa a coci, su ma gumi ne, kuma wanda ya ɗauki nauyin karatu yana da damar sa sharaɗi. Amma kada rashin takarda ya ruɗe ka game da Yangoji. Ranar da ka ga gonar nan ka yi godiya ba ka hana ba, ranar ka shiga alkawari. Mayar da doya ba zai warware shi ba, domin ba don su ga satifiket a bangon ɗakinka suka rage irinsu ba. Fasto nasu na kansu suke nema.

Asabar mai zuwa ka tafi da Christina wurin Baba Thaddeus, ku zayyana masa komai, har da maganar haya da cefane. Labarin coci ba ya daɗewa a hanya, kuma in suka ji a bakin wani, abin da zai ɓaci ya fi doya tsada. Daga nan ku nemi Rabaran ya raka ku wurin Oga Ebenezer. Na tambayi wata maƙwabciyata, matar fasto ce, ta ce manyan ikkilisiyoyi da yawa suna da kwamitin da ke tallafa wa na ƙauye. Tunda ɗarikarku ɗaya, ku roƙa a raba: su ɗauki wani ɓangare na nauyin, ka riƙa yi musu sujadar Hausa wasu ranakun, a lissafa hidimar Yangoji cikin shekarun da suke nema. Duk abin da aka amince a rubuta shi, har da abin da zai faru in ciwo ko wata larura ta tsayar da kai. Kada kuma ka sa hannu a kan abin da zuciyarka ta riga ta fara neman hanyar kauce masa.

Ka koma makarantar ma, da ƙafarka, ba ta waya ba. Ka tambaya ko suna da karatun lokacin hutu wanda ba sai ka ajiye aiki ba, ko ana biya kashi-kashi, ko suna ba ɗalibai aiki a laburare don rage kuɗi. Ka sa sunanka a tallafin shekara ta biyu tun yanzu, na gunduma kuma kada ka gaji da leƙawa. Mai nema ba ya fushi da ofis.

In kuwa mutanen birni suka ce ko duka ko babu, ga ra'ayina: ka bi doguwar hanya, wato karatu a hankali da kuɗin doya ba tare da ka ajiye aiki ba, muddin Christina ta yarda da zuciya ɗaya bayan kun zauna kun ga abin da gida zai iya. Za a sha wuya, ba zan ɓoye maka ba, kuma naɗin zai ɗan yi nisa, amma duk Lahadi kana tare da mutanen Yangoji. Ta birni kuwa uku da biyar ne, shekara takwas ke nan. Ranar Lahadi in ka hau yin wa'azi, ka dubi tsofaffin da ke zaune a bencin gaba, ka tambayi kanka su nawa ne ke da shekara takwas da za su jira ka.

Allah ya buɗa maka hanya, ya sanyaya zuciyar Christina, ya kuma ja kwanan waɗannan bayin Allah su ga naɗinka da idonsu.

Anti Zaituna