Ayabar dubiya

Laraba, bayan Isha'i. Yakasai.

Yau mun karɓo sakamakon gwajin jinin Baba. Ashe raunin ƙafar nan da ya hana shi zuwa masallaci ba tsufa ba ne. Likita ta ce ciwon sukarinsa ne ya taɓa wasu ƙananan bututu a cikin ƙodarsa. Sun kasa fitar da asid da wani sinadari, fotasiyam, ta fitsari, sai suke taruwa a jini. Idan fotasiyam ɗin ya yi yawa, zuciya na iya tsayawa. Ta rubuta magani, ta ce kada a ƙara ba shi ayaba da lemo da dabino.

Tunda ya kwanta, kowa ya zo dubiya da ledarsu yake shigowa.

Da la'asar sai ga ƙanwarsa, Goggo Asabe, daga Mandawari da ayaba nono guda. Na tare ta a soro.

"Goggo, likita ta hana shi."

"Ayabar? To hannu rabbana kike so in shiga wajen ɗan'uwana?"

Na yi mata bayani, ba ta gamsu ba. Ta gaishe shi, ta tafi ko kallona ba ta yi ba.

Fushinta bai dame ni ba, gobe za ta huce. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Sati uku ni ce nake ɓare masa, ina cewa, "Baba, daure ka ƙara ɗaya, ka samu ƙarfi."

Kuma yana daurewa.