Littattafaina da Numfashin 'Yata

Assalamu alaikum. A ɓoye sunana, a kuma ji ni kafin a yanke hukunci.

Na daɗe ina gaya wa ɗalibaina cewa gidan da babu littafi kango ne mai rufi. Ni malamin makaranta ne a unguwar Nima, ɗaki ɗaya muke haya a gidan yawa, littattafaina suna cikin kwalaye ƙarƙashin gado. Ruwan damina ya shigo ya jiƙa su, na shanya, na mayar, suka yi funfuna. Daga nan 'yata Rahinatu ta fara tari da asuba, ƙirjinta na ƙara kamar usur, ko magana ba ta iya ƙarasawa sai ta tsaya neman iska. A asibiti aka ce asma ce, aka ba mu maganin shaƙa. Nas ta tambaye ni: "Akwai hayaƙi? Kyanwa? Ƙura, ko kayan da suka yi danshi?" Na gyara gilashi na ce, "Hayaƙi dai." Wane uba ne yake amsa wannan tambaya yana tunanin kwali?

Hayaƙin na Mma Memuna ne, maƙwabciyarmu mai dafa waakye, wato shinkafa da wake, na sayarwa a tsakar gida, da shi take riƙe jikokinta. Na kai ƙara wurin mai gida da Turanci mai nauyi, ya kori murhunta zuwa bakin kwata, masu saye suka ragu. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ticha, in dai yarinya zai samu lafiya, ko unguwar Fadama sai in kai wutan." Har yanzu takan aiko wa Rahinatu waakye da ƙwai, ni kuma ina ci.

Tarin bai tsaya ba. Da Rahinatu ta yi hutu wurin kakarta a unguwar Maamobi, inda ake girki da gawayi, ta dawo garau. Ranar Asabar na jawo kwali ɗaya a gabanta, kafin in rufe ta fara haki. Matata ta ce, "Malam, hayaƙin ya biyo mu ke nan?" Na ce wataƙila iska ce ta juyo.

Kwalayen zan fitar yau. Amma in na faɗi gaskiya, da wace fuska zan ratsa tsakar gidan nan? In na yi shiru, Mma Memuna tana bakin kwata. Jama'a, ina mafita?

Rabin littattafan ban taɓa karanta su ba.